Dankalin da ke Cibiyar Duro

A ƙauyen nan da ke tsakanin Kura da Bunkure, wanda kanal ya ratsa ta tsakiyarsa, idan baƙo ya tambayi gidan Murja matar Sammani sai an ɗan yi shiru ana tunani, don masu sunan Murja sun kai huɗu, Sammani kuwa ba a ma ƙirga su. Amma ya ce Murja Mai Dankali, wanda ya zo garin jiya ma zai nuna masa ƙofar. Abin haushin a wurinta shi ne tunda aka haife ta ba ta taɓa kasa dankali a tire ba. Sana'arta gumin shinkafa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta turara ta a duro, ta shanya, a kai injin casa, kuma duk mai inji a Kura ya san shinkafar da ta fito daga hannunta: doguwa, garau, ba ta karyewa.

Wanda bai san gumi ba zai ɗauka wuta ce kawai da ruwa. Ba haka ba ne. Idan tururi ya ratsa ƙwaya har ciki, takan bushe da ƙarfinta, ta shiga inji ta fito lafiya. Idan kuwa ya shafe ta sama-sama ya wuce, ido ba zai gane ba sai a bakin inji, inda za ka ga wahalar kwana uku tana zubowa a kakkarye. Kuma duro munafuki ne. Gefensa zai yi zafi har ya ƙona hannu, samansa ya yi ta huci, alhali can cibiyarsa shinkafa tana zaune ɗanya.

Murja ta gano wannan ne ba ta fi shekara biyu da aure ba. Ƙanwarta Ummulkhairi, wadda kowa a gida ke kira Auta, tana da shekara shida a lokacin, kullum tana manne da ita. Wata rana Auta ta ishe ta da kukan yunwa, ga duro a kan wuta, ba halin ɗora wata tukunya. Sai Murja ta ɗauko dankali biyu, ta cusa ɗaya a gefen shinkafar, ɗayan ta danna shi da sanda can tsakiya, don kawai ta samu lafiya. Da aka juye, na gefe ya yi luguf, Auta ta cinye shi tana hura yatsu. Na tsakiya kuwa ko farce bai shige shi ba. Murja ta yi tsaki ta jefa wa akuya. Bayan kwana biyu shinkafar ta dawo daga inji rabinta a karye. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka, tana cikin kukan ne ta tuna da dankalin da akuya ta ci.

Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora duro ba tare da dankali ba. A hankali har ta gyara dabarar. Takan yanki dankali kamar girman ƙwan zabuwa, ta huda shi da basilla, ta zura zaren buhu ta ƙulla, ta binne shi a cibiyar duro, bakin zaren yana reto a waje. Idan ta ga lokaci ya yi sai ta ja. In dankalin ya dahu, zaren yana yanka shi ya fito shi kaɗai, shinkafa ta yi ke nan. In ya yi mata gardama ya taho da dankalin, sai ta mayar da shi ta ƙara itace, ko da mai shinkafar yana tsaye a kanta yana ɓaɓatu. Guntayen da zare ya yanka a kan tampol ake tsintar su wajen shanya, kuma Auta ce ke wannan aikin, da bakinta take karɓar lada.

Mutane ba su ƙyale ta ba. Wannan ta wuce ta ce, "Murja, yau gumi ake ko fate?" Mijinta Sammani, manomin tumatir da shinkafa, mutum ne mai son tsokana, shi ya fara laƙaba mata sunan, kuma ya yi nadama, don sai da ya yi mako guda ana dangwarar masa da tuwo ba ko sannu da zuwa. Murja mai saurin fushi ce, mai saurin hucewa, amma wannan suna ya tsaya mata a maƙoshi. So take a ce ta iya gumi. Ba ta so a ce dankali ne ya iya.

Auta tana aji huɗu a sakandare mahaifiyarsu, Inna, ta kamu da ciwon daji a nono. Aka kai ta birni aka yi mata aiki, likita ya ce an gama, ta dawo gida ta murmure har tana zuwa suna da biki. Shekara ba ta zagayo ba ciwon ya sake tashi daga inda aka ce an cire shi. Murja ce ta yi jinyarta har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Murja ce kuma ta ɗauko Auta da akwatinta ta ce, "Karatu dai sai kin yi shi, ko da duro uku zan riƙa ɗorawa a yini." Ta kuwa ɗora.

Auta ta shiga jami'a ta karanci injiniyanci, ta zaɓi wani fanni da ko sunansa Murja ba ta iya riƙewa. Abin da ta gane dai shi ne ana koyon yadda zafi ke tafiya daga wani abu zuwa wani. Ta ce, "To ai wannan a gida ma sai in koya miki kyauta." Daga nan aka ba Auta gurbin karatu a ƙasar waje, ta zama dakta, ta yi aure, sai kuma aka ji ta koma aiki tare da masu binciken ciwon daji. Murja ta kasa haɗa biyun. Ina ruwan mai ƙarfe da wuta da mutanen asibiti? Sau ɗaya Auta ta so yi mata bayani a waya, ta fara da dariya tana cewa, "Yaya, kin san dankalin nan naki..." Murja ba ta bari ta ƙarasa ba. "Ke ma? Har daga ƙasar Turawa?" Ta kashe wayar. Auta ta san halin yayarta, ba ta sake ɗauko zancen ba.

Bana ne abubuwa suka canja. Matan gumi na ƙauyen suka kafa ƙungiya, wani shirin tallafa wa manoma ya ba su sabon duro, ƙato, mai cin buhu takwas a tashi ɗaya. A ƙasansa akwai faranti mai huda-huda da ke raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ke hawowa, a jikinsa kuma ga agogon zafi mai jar allura. Ɗanbaba mai walda ne ya haɗa shi. Ba a yi gardama kan wadda za ta riƙe shi ba. Murja aka ba, aka kira ta uwar duro, aka damƙa mata doguwar sandar aiki. Ranar ta yi murna kamar an biya mata Makka. Wata uku tana turarawa, agogo yana jikin duro yana nuna abin da ya ga dama, ita kuma tana jan zarenta, shinkafa tana fita tsaf. Mata suka yi ta yabon agogo.

Sai tsautsayi ya gitta. Wani guntun dankali ya tsallake tampol, ya tsallake inji, ya bushe ƙandas, ya je ya faɗa hannun ɗan kasuwar Kano da ke sayen shinkafarsu yana ƙullawa a leda mai hoto. Ya aiko da saƙo mai zafi. Ƙungiya ta zauna. Sakatariyarsu Beauty, wadda iyayenta suka zo noman rani daga kudancin Kaduna tun tana goye, ta girma a garin har Hausarta ta fi ta wasu, ita ta karanta hukuncin. Ba da son ranta ba, don shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya da Murja. Daga yau ba dankali a duron ƙungiya. Allura ta kai ɗari, a ƙirga minti talatin, a sauke. Wadda ta saɓa ta ajiye sanda.

"Mama, ba ni kaɗai na yanke ba," in ji Beauty bayan taro. "Kuma ki duba itacen da muke ƙonawa. Agogo ya ce an gama, ke ki ce da saura."

"Na ji," in ji Murja. Wanda ya san ta kuwa ya san wannan amsa ta fi zagi.

Bayan kwana uku, da hantsi, Sammani ya faɗo gida a guje, tsoho da shi, takalmi ɗaya a ƙafa, rediyo a hannu. "Murja! Auta ce! Autarmu ake faɗa!" Mai labarai yana cewa an karrama wata 'yar asalin yankin, Dakta Ummulkhairi, saboda binciken da masana fanni biyu masu nisa da juna ke dogara da shi, injiniyoyin zafi da masu binciken ciwon daji. Ya ce an ambaci aikinta a rubuce-rubucen masana fiye da sau dubu biyu.

"Me ke nan?" in ji Murja.

Sammani ya gyara tsayuwa kamar shi ya rubuta labaran. "Ba kin ga malami in zai kawo magana yakan ce an karɓo daga wane ba? To su ma haka suke yi. Sau dubu biyu ana cewa an karɓo daga Auta."

Murja ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun maƙwabta. Ta yi rawa a tsakar gida da muciya a hannu, ta yi kuka, ta koma ta yi dariya. Kafin azahar Auta ta kira da kanta ta ce tana tafe ranar Asabar ta sama, bayan shekara shida rabonta da gida.

Garin ya ɗauka gaba ɗaya. Aka share filin gumi, aka yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, mata suka fitar da anko, masu tumatir suka ware kwanduna na kyauta, har wanda ya taɓa korar Auta daga gonarsa saboda satar rake yana ba da labarin yadda tun lokacin ya ga alamar basira a goshinta. A cikin wannan ɗoki ne Beauty ta kawo shawara. Tunda baƙuwar gwanar zafi ce, me zai hana a yi gumin farko na sabuwar doka a gabanta, agogo zalla, ta sa masa albarka? Kowa ya ce madalla.

Murja ma ta ce madalla, amma a baki kawai. Ita ma ta tabbata Auta bayan agogo za ta bi. Wadda ta shekara ashirin cikin na'urori me za ta yi da dankali? Ta ƙudurta ba za ta kunyata ƙanwarta a gaban jama'a ba, ba kuma za ta bari sanda ta bar hannunta ba. Ta ce wa Sammani ita da dankali har abada.

"Allah ya sa," in ji shi.

"Me kake nufi?"

"Addu'a na yi."

Ranar Asabar da sassafe aka loda buhu takwas na jiƙaƙƙiyar shanshera, ta mata goma sha ɗaya, kowacce daga gonar gidansu. Aka rufe da buhunan algarara, mata suka watse don su je su sa anko. Murja ta rage ita kaɗai a gindin duro. Har yau cewa take ba ta san yadda aka yi guntun dankali da zare suka shiga haɓar zaninta ba, ba ta kuma san lokacin da hannunta ya ɗauki sanda ya danna shi can cibiya ba. Wanda ya yarda ya yarda. Abin da ba ta musu shi ne ta tura bakin zaren ƙarƙashin buhu yadda ba mai gani, ta ce wa kanta ba za ta ma ja shi ba, ya dai zauna.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mota ta tsaya. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Auta ta fito cikin leshi ruwan toka da tabarau, ba ta bi ta kan kujerar da aka ware mata ba, ta ratsa jama'a ta faɗa jikin yayarta.

"Yaya, kin rame."

"Ke kuma kin yi furfura ba ki gaya min ba."

Aka yi addu'a, mai gari ya yi jawabi, aka hura wuta. Ɗanbaba cikin sabuwar shadda ya kama bayanin agogo da Turancin da ya kwana biyu yana haddacewa. Auta tana gyaɗa kai, amma idonta ba ya kansa. Ta tashi ta zagaya duron sau ɗaya, ta sake zagayawa, tana leƙa gefen buhuna kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Murja ta matsa ta tsaya daidai inda zaren yake, ta tare da jikinta. Auta ta dube ta, sai ta koma ta zauna, fuskarta ba walwala.

Allura ta hau, ta hau, ta kai ɗari. Aka yi tafi. Beauty ta duba agogon hannunta ta fara ƙirga. Tururi ya turnuƙe, ƙamshin gumi ya cika filin. Da minti talatin ta cika, Beauty ta ɗaga hannu da fara'a ta ce, "A sauke!"

Murja ta ɗaga gefen buhu. Shinkafar sama ta yi kyau, bakin kowace ƙwaya ya tsage yadda ake so. Yatsanta ya lalubo zaren, ta ɗan taɓa shi kaɗan, wai ta ji. Zaren ya cije.

Nan fa shaiɗan ya zo mata da shawara mai daɗi. Ki yi shiru. Ba ke kika kafa doka ba. A sauke, a shanya, jibi a bakin inji za su ga abin da agogonsu ya yi, su zo har gida suna ba ki haƙuri, sanda tana hannunki, Auta ba ta ji kunya ba. Wallahi shawarar ta yi mata daɗi. Sai ta ɗaga ido ta ga matan nan goma sha ɗaya cikin anko, suna ta washe baki, kowacce noman da ta yi wata huɗu yana jira a cikin duron.

"Kada a sauke."

Ba ta ɗaga murya ba, amma lasifikar da ke kusa ta kwashe maganar ta watsa wa kowa. Beauty ta matso da sauri. "Mama, don Allah. Ba yau ba."

"Ba ta yi ba."

"Ai agogo ya..."

"Na ga agogo. Ba ta yi ba."

Ta sa hannu ƙarƙashin buhu, ta naɗe zaren a yatsa, ta ja. Ya taho a hankali, da nauyi, har ya ɓullo. Guntun dankali, yana tururi, yana reto a gaban mai gari da liman da baƙin da suka zo daga Kano da Dakta. Wani daga baya ya ce, "Mai Dankali!" Dariya ta ɓarke, ta kuma mutu nan take. Beauty ta dafe kai. Murja ta miƙa mata sandar.

"Ga sandarku. Na saɓa, na sani. Amma a ƙara wuta kafin in tafi." Ba ta iya duban inda ƙanwarta take ba.

Sai aka ji ihu. Ba ihun dakta ba, ihun 'yar shekara shida. "Ga shi! Wallahi ga shi!" Auta ta watsar da takalma, ta taho a guje, ta fizge zaren daga hannun Murja, ta danna dankalin da babban yatsa, ta kai baki ta gatsa. "Ɗanye ne! Alhamdu lillahi, ɗanye ne!" Jama'a suka dubi juna, liman ya gyara rawani. "Yaya, tun ɗazu nake zagaya duron nan ina neman zaren. Na ɗauka kin daina, har raina ya ɓaci."

Auta ta sa Ɗanbaba ya kawo dogon bututu, aka soka shi tsakiyar duro aka zaro shinkafar can ciki. Ta zuba ta a tafin hannu ɗaya, ta gefe a ɗayan, ta bi layin matan tana nuna musu. Ta gefe ta tsage, ta tsakiya bakinta a rufe gam. Mata suka hau salati.

"Malam Ɗanbaba, me ke ƙarƙashin tsakiyar farantin nan?"

Ɗanbaba ya sosa ƙeya. "Na ɗan liƙa wani ƙarfe, Dakta, don kada nauyi ya lanƙwasa shi."

"Ya toshe hudojin?"

"To... kaɗan."

"Agogonka ba ya ƙarya," in ji ta. "Abin da ke kusa da shi yake faɗa, wato gefe. Kuma zafin yanzu-yanzu kaɗai ya sani."

Ta karɓi lasifika, dankalin yana hannunta, ta yi magana da Hausar da ba ta tsufa a bakinta ba. Ta ce akwai wata hanya da ake yaƙar ƙarin ciwon daji da zafi, a ɗumama shi har ƙwayoyin cutar su mutu. Amma jini yana gudu a jijiya kamar ruwan kanal ɗin nan, yana kwashe zafin yana tafiya da shi, sai a samu lungun da wuta ba ta kai ba. Na'ura ta ce an gama, alhali can ciki da sauran ɗanye, kuma shi ke sake tsirowa.

"Na daɗe ina neman yadda zan gane lungun nan," in ji ta. "Sai na tuna da yayata. Dankali ba ya dahuwa don zafi ya taɓa shi, sai zafin ya kai, ya kuma daɗe. Abu biyu yake aunawa, agogo ɗaya. Sai na haɗa wani abu mai kama da tsokar mutum a ɗakin bincike, na binne wasu 'yan ƙananan duwatsu a ciki, waɗanda ba sa canja launi sai zafi ya kai ya daɗe. Ina yankawa sai ga lungunan a fili. Na yi lissafinsa na rubuta. Masu binciken daji suka ɗauka suna gwada na'urorinsu da shi, masu ƙera injin busar da hatsi ma suka ɗauka. Har yanzu gwaji ake, ban ce an gama ba. Amma duk wanda ya ce ya karɓo daga gare ni, ni daga wannan matar na karɓo, kuma sunanta yana rubuce a takardar tun shekara tara da suka wuce. Na so in gaya mata, ta kashe min waya."

Filin ya kaure. Sammani ya cire hula yana kaɗawa yana cewa shi ya fara ba ta sunan, a shaida. Murja ta tsaya kamar an dasa ta, bakinta a buɗe.

Beauty ce ta dawo da ita hayyacinta. Ta tura mata sandar a hannu. "Mama, riƙe, ni ban iya ba." Ta juya ga matan. "Doka ƙungiya ce ta kafa, ƙungiya kuma duk tana nan. Me kuka ce?"

"An soke!" suka amsa baki ɗaya.

"Amma duk guntun da ya shiga sai an tsinto shi a tampol," in ji Beauty, don ita sakatariya ce ko ana biki.

Murja ta karɓi dankalin daga hannun Auta ta danna shi ya koma cibiya, ta gyara ɗaurin zani, muryarta ta dawo. "A zuba buntun shinkafa a wuta ta wannan gefen! Itace biyu, ba uku ba! Ɗanbaba, matsa da shaddarka kada ta kama!" Beauty da kanta ta jawo itacen. Ba wanda ya zauna. Mai gari ma ya taso ya tsaya yana kallon zaren buhu kamar ana jiran sakamakon zaɓe. Bayan kusan minti ashirin da biyar Murja ta naɗe shi a yatsa ta ja. Ya zamo ya fito shi kaɗai. Guɗar da aka yi har masu ban ruwa a ƙetaren kanal sai da suka ɗago kai.

Aka juye, aka baza a tampol, jama'a suka koma rumfa wajen abinci. Murja ta juya ba ta ga Auta ba. Can ta hango ta durƙushe a gefen shanya, da leshinta da tabaraunta, tana tona shinkafa mai zafi da yatsu. Ta samo guntayen biyu, ta hure su, ta miƙa wa yayarta ɗaya.

Murja ta karɓa ta riƙe. Ta daɗe tana juya shi kafin ta ce, "Auta, lungun nan da kika ce wuta ba ta kaiwa. Irinsa ne ya dawo wa Inna?"

"Ita yanka aka yi mata, Yaya, ba zafi ba. Amma e, abin da ya rage a ciki ne ya tashi."

"Da a lokacin an san wannan..."

"Ban sani ba, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Kwananta ne ya ƙare." Auta ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. "Amma ranar da ciwon ya dawo, na tuna likitan nan yana ce mana an gama. Sai na ji da ma akwai zaren da za mu ja kafin mu taho gida. Shi nake ta nema tun lokacin."

Shekara talatin da huɗu Murja ba ta taɓa kai dankalin duro bakinta ba, don haushin sunan. Bayan tafiyar Auta ma kaji take watsa wa. Ta dubi guntun da ke hannunta, hawaye yana sauka har haɓa, ta sa shi a baki ta tauna a hankali.

"Ya dahu," in ji ta.

Daga bakin rumfa Sammani ya ɗaga murya, murna ta sa ya manta da kansa. "Mai Dankali! Baƙi na jiranki!" Yana faɗa ya kama bakinsa, ya tuna da makon tuwon nan.

Murja ta share fuska da bayan hannu, ta ɗauki sandarta.

"Na'am," ta ce. "Ga ni nan."